Abin da na koya bayan an karɓe littafin kuɗi daga hannuna

Na gama digiri a Shikago a watan Mayun 2025, kuma tun daga lokacin ƙannenmu masu zuwa Amurka suke tambayata ko su shiga sororiti, wato ƙungiyoyin nan na ɗalibai mata masu sunaye da haruffan Girkanci. Nakan ce su shiga, amma kada wadda ta karɓi muƙamin ma'aji sai ta ji labarina. Ba zan ambaci sunan ƙungiyar ba, ba kuma zan ambaci na makarantar ba. Waɗanda muka yi zaman tare sun san komai.

Duk wadda ta yi jami'a a tsakiyar birni ta san cewa katafaren gidan nan da ake nunawa a finafinai, mai haruffa a goshi da ciyawa a gaba, ba namu ba ne. Fili tsada gare shi a birni. Reshenmu ɗaki yake kamawa a ginin ɗalibai, na ɗan lokaci, lokacin na cika wata ƙungiyar ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran mu fita. Da yawa daga cikinmu daga gidan iyayensu suke zuwa a jirgin ƙasa, wasu daga wurin aiki kai tsaye, da rigar aikin a jikinsu. To idan babu gida, abu biyu ne ke riƙe da ƙungiya: zauren hira na waya da asusun banki. Asusun kuwa a hannuna yake.

Ranar da na fara gaya wa Umma na shiga, cewa ta yi, "Ke, ba dai irin ƙungiyoyin asirin nan ba ne?" Sai da na zauna na ba ta tarihi. Na ce mata 'yan mata baƙaƙen fata ne a Jami'ar Howard da ke Washinton suka kafa Alpha Kappa Alpha a 1908, a zamanin da ƙungiyoyin farare ba sa karɓarsu. Na ce wasu su 22 sun kafa Delta Sigma Theta a 1913, kuma fitarsu ta farko bainar jama'a ita ce zanga-zangar neman wa mata 'yancin jefa ƙuri'a a watan Maris na shekarar. Na ƙara da cewa Kamala Harris ma 'yar irin wannan ƙungiya ce. Tamu dai ƙarama ce, sabuwa, kowane launin fata akwai a ciki. Umma ta yarda. Amma da aka zaɓe ni ma'aji sai ta ce, "Allah ya taya ki riƙo, kuɗin jama'a wuta ne."

A azumin 2024 abin ya faru. Na fito daga aji ina sauri in kama jirgi, in samu buɗa-baki a titin Devon inda shagunan halal suke, sai shugabarmu ta tare ni a bakin lifta da kofin gahawa a hannu. Ta ce ɗakin da za a yi walimar ƙarshen shekara zai kuɓuce mana idan ba a ba da kafin alƙalami a daren ba. Kundin dokokin ƙungiyarmu ya ce duk wani babban kashe kuɗi sai an kaɗa masa ƙuri'a, sannan mutum biyu su sa hannu, ma'aji da shugaba. Na tambaye ta maganar ƙuri'a. Ta ce kwamitin walima ya zauna ya amince, bayanan zaman suna zuwa. Na tura buƙatar daga wayata, ita kuma ta ajiye kofin a kan taga, ta zaro tata wayar, ta danna amincewa ina kallo. Kusan rabin abin da ke asusun ya fita.

Ashe kwamiti bai zauna ba. Da aka kawo cikakken farashin ɗakin a babban taro, 'yan'uwa suka ce ya fi ƙarfinmu, masu ɗakin kuma suka ce kafin alƙalami ba ya dawowa. Aka juyo ana tambayar wa ya ba da izini. Shugaba ta dube ni a gaban kowa, cikin murya mai laushi kamar tana tausaya mini, ta ce ita dai ta ce a bincika ne, ba ta ce a tura ba.

Aka miƙa ni ga kwamitin ladabtarwa. Mutum uku ne, biyu daga ciki ita ta shigo da su ƙungiyar. Aka sa zaman a goman ƙarshe, wajen ƙarfe bakwai na yamma, daidai shan ruwa. Na roƙi a ɗaga ko da rabin awa, aka ce ɗakin an riga an kama shi. A gabansu na sha ruwa, da dabino uku da na ƙulle a takarda, ana karanto mini sashen kundin da ake cewa na karya.

A ƙa'idar waɗannan ƙungiyoyi, kowace sabuwa ana haɗa ta da wata babba da za ta zama yayarta. Tawa baƙar fata ce daga kudancin Shikago, Kirista, mai karatun aikin jinya, ba ta da yawan magana. Ta taso daga asibitin da take koyon aiki ta zo ta zauna kusa da ni, ko da yake an ce ba dole ba ne. Ta bari suka gama, sannan ta yi tambaya ɗaya: kuɗin nan hannu biyu ne ke fitar da shi, to hannu na biyun na waye? Ta ce a buɗe bayanan banki yanzu. Aka buɗe. Ga sunan shugaba, ga lokaci, tsakaninsa da nawa bai kai minti ɗaya ba.

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai uwar ƙungiya, tsohuwar ɗaliba da hedikwata ta ɗora ta kula da reshenmu, ta gyara zama ta ce abin da ta gani rashin fahimta ne tsakanin 'yan'uwa biyu. Ta ce idan aka kai maganar ofishin kula da ɗalibai za a iya dakatar da reshen gaba ɗaya, kuma babu mai son haka. Wai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukuncin da aka yanke shi ne babu mai laifi, amma don a zauna lafiya in miƙa littafin kuɗi ga wata. Shugaba ta ƙarasa wa'adinta. A walimar da aka yi daga baya a wani ƙaramin ɗaki har allon yabo aka ba ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan salon tun daga gida. A yi haƙuri, a rufa asiri, ai duk ɗaya ne. Kullum wanda aka cuta ake kai wa wannan roƙon, domin shi ake ganin zai iya haɗiyewa. Na yi zaton mutanen da ke da kundi mai shafuka da yawa, masu kaɗa ƙuri'a a kan launin riga, sun wuce nan. Kundin yana aiki sosai idan ƙaramar 'yar ƙungiya ta makara taro za a ci ta tara. Ranar da ya biyo ta kan shugaba sai aka tuna da zumunci.

Ban fita ba, kuma mutane sun yi mamaki. Dalilina shi ne yayata da wasu 'yan ƙalilan. Su ne suka kwashe mini kaya cikin dusar ƙanƙara da na sauya ɗaki. Ɗaya daga cikinsu ta yi azumin yini guda tare da ni don ta ji yadda yake, la'asar ba ta yi ba ta kwanta a kan kujera tana tambayar ƙarfe nawa. Ranar bikin kammala karatu iyayena ba su samu zuwa ba, mahaifiyar yayata ce ta tsaya a madadinsu, ta riƙe waya Umma tana kallo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke rubuce a kundi, kuma babu mai muƙami a cikin waɗanda suka yi su.

Sauran darussan gajeru ne. Duk umarnin da ya shafi kuɗi, ki ce a turo miki a rubuce, ko da mai ba da shi tana tsaye a gabanki. Ki tambayi kuɗin zango da na tara da na riguna kafin ki yi rantsuwar shiga, domin bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarda ki yi aiki a mako lokacin karatu, kuma a cikin makaranta. Ki sa azumi da Sallah a kalandar ƙungiya tun farkon zango. Ki faɗi matsayinki kan giya a ranar farko, sau ɗaya ya isa. Idan aka ce sai an wulaƙanta ki kafin a karɓe ki, ki tafi. Tun Disambar 2024 dokar tarayya ta tilasta wa jami'o'i bayyana irin wannan cin zarafi. Akwai kuma ƙungiyoyin da Musulmi mata suka kafa, irin su Mu Delta Alpha da ta faro daga Texas, idan makarantarki tana da reshe.

Kwanakin baya saƙo ya shigo mini ana neman gudummawar tsofaffin 'yan ƙungiya don walimar bana. Tsohuwar shugabarmu ce ta sa hannu, yanzu tana kwamitin tsofaffi. Na amsa cikin ladabi cewa a shirye nake, a fara turo mini bayanin kuɗin bara da sunayen waɗanda suka sa hannu. Har yau ba ta amsa ba.