Alhamis: hoton da Iya ta sa na goge

Ƙarfe sha ɗaya saura na dare. Auta ta yi barci da littafinta a kan ƙirji, ni kuwa idona biyu. Na yi wanka, na shafa man zafi a ƙafa, na kwanta, sai maganar tsohuwar nan ta dawo min sabuwa fil kamar yanzu take faɗa. Gara in tashi in rubuta, ko na samu zuciyata ta yi sanyi.

Da safe dai cikin nishaɗi muka fita. Baba Direba ya iso ana idar da sallar asuba, muka loda kwalayen magani da abincin masu tamowa don aikinmu na duba lafiyar yara a ƙauye, muka bar Haɗejiya muka ɗauki hanyar Auyo. Jama'a, fadama a ƙarshen damina abin kallo ce. Shinkafa kore shar har iyakar ganinka, belbela fari fat a bayan shanu, ga wani masunci kwance rub da ciki a kan gorarsa yana tuƙi da hannu. Na sa Baba ya tsaya har sau uku ina ɗauka. Shi kuwa kachalla kawai yake nuna min yana girgiza kai. Ya ce tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, daga baya aka ƙara na Challawa, ruwan kogin nan ya daina ƙafewa da rani yadda ya saba, shi ya sa ciyawar ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Ya kuma nuna min jikin wata kuka inda ya ce nan ambaliyar 2022 ta kai. Ya fi tsayina.

Mota ta tsaya a inda ta saba tsayawa. Kwale-kwale. Takalmina a hannu, kyamara a cikin leda biyu.

A gindin dogon yaron ƙofar gidan mai unguwa aka shimfiɗa mana tabarmi. Anti Babba, abokiyar aikina, ta kama gwajin zazzaɓin cizon sauro, kuma yau layi biyu, alamar akwai cutar, kawai muke ta gani, yaro bayan yaro. Watan da muke ciki ke nan. Na yi ta maimaita wa iyaye mata cewa maganin rigakafin zazzaɓin damina da ake bi gida-gida ana bai wa yara daga wata 3 zuwa wata 59 na kwana uku ne a jere, duk wata. Na ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha, na sauran kwana biyun a hannun uwa yake, kuma a nan ake yawan samun giɓi. Wata ta ce min ta ajiye nata ne saboda ranar da jikin yaron zai yi zafi. Ban yi mata faɗa ba, na zauna na sake yi mata bayani daga farko.

Bayan azahar suka zo. Wata yarinya da ba ta wuce shekara sha bakwai ba, goye da yaro, tsohuwa na biye da ita da sanda. Ɗan fari ne, don haka uwar ko sunansa ba ta iya faɗa, kanta na ƙasa tana wasa da bakin hijabi. Kakar ce mai magana. Watansa goma sha huɗu, an yaye shi da wuri don uwar ta samu ciki, gudawa ta kama shi tun kafin gero ya fitar da kai. Na zagaya ma'aunin tamowa mai launuka a damtsensa na hagu, na ja a hankali. Ja, alamar tamowa mai tsanani, yana farawa ne daga ƙasa da santimita 11.5. Nasa 10.8. Fatar hannun ta yi yaushi, tana tattarewa a ƙarƙashin ma'aunin kamar ta tsoho, gashin kansa ya yi ja ya yi laushi. Na danna bayan ƙafafunsa da babban yatsa na ƙirga uku, alhamdulillahi bai lotsa ba, babu kumburi. Na yaga ledar abincin gyaɗar nan na masu tamowa, na ce uwar ta wanke hannu ta lakata masa. Ya lasa. Ya tsaya. Sai ya kama yatsanta da hannu biyu ya ci gaba da tsotsa. Duk wanda ya yi aikin nan ya san daɗin da ake ji a wannan lokacin, domin yaron da ya karɓi abinci a gida za a yi jinyarsa, ba sai an ɗauke shi an haye ruwa da shi zuwa gadon asibiti ba.

Hasken rana ya ratso ta cikin ganye ya sauka daidai kan hannunsa da yatsan uwar. Ban san lokacin da na ɗaga kyamara ba. Ƙas.

Sai kawai tsohuwar ta ja gefen zaninta ta lulluɓe shi.

Ta ce, "'Yar nan, ina za ki kai shi?"

Na ce, "Iya, aiki ne. Muna nuna wa masu kawo maganin ne don su ga halin da ake ciki."

Ta ce, "Su ba su yarda da bakinki ba ne sai sun ga haƙarƙarinsa?"

Na yi shiru. Ba da faɗa take magana ba, muryarta ƙasa-ƙasa, ko Anti da ke kusa ba ta ji ba. Ta ce in nuna mata. Na juya kyamarar na kare hasken da tafin hannu, ta matso da fuskarta har numfashinta na taɓa gilashin, ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Wannan ba shi ba ne. Da kin gan shi da ƙaramar salla, kumatunsa kamar an hura. Ku ba kwa zuwa sai ranar da muka fi muni. Ranar sunansa rago aka yanka, gidan nan ya cika da mata, ba wanda ya zo da wannan abin naki."

Na ce, "Ki yi haƙuri, Iya. Na yi kuskure da ban tambaye ki ba."

Ta ce, "Da kin tambayi uwarsa, cewa za ta yi to. Ɗanta na hannunki, maganin na hannunki, me za ta ce? Ni ce na tsufa, ba na jin nauyin kowa."

A gabanta na goge. Ta sa na koma baya na nuna mata hoton da ke kafinsa, wata akuya ce a kan katanga, ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce in hoto nake so, in bari ya yi ƙiba, za ta sa a ɗinka masa riga, a sa masa kwalli, sannan in ɗauka, kuma in kawo mata nata a takarda ta liƙa a bango. Ta ƙara da cewa kafin nan ga geronsu can a bayan gida an yanke an jera, in je in ɗauka in nuna wa mutanen birni cewa su ma suna noma.

Na je na ɗauka. Dami-dami, an jingine a jikin rumbu.

Matar mai unguwa ta aiko mana da dambu da zogale, an barbaɗa ƙuli, man gyaɗa na ƙamshi, da ƙwaryar fura da nono mai sanyin randa. Ranar da na saba, da sai na jera kwanukan na ɗauka kafin kowa ya sa hannu. Yau ci kawai na yi.

A kwale-kwalen dawowa na ba Anti Babba labari. Ita nata ra'ayin daban ne, kuma ba zan ce ƙarya take ba. Ta ce kwalayen nan da muke rabawa ba daga sama suke faɗowa ba, wani ne can ya ga hoto zuciyarsa ta karye ya sa hannu a aljihu, kuma ranar da abincin ya yanke ba hoton gero ne zai dawo da shi ba. Ta tuna min watannin da muka yi muna mayar da mata gida hannu rabbana. Na tuna. Ta ce ai akwai takardar amincewa, a karanta musu su dangwala. To ita takardar ce ma take damuna yanzu. Sau nawa na riƙe babban yatsan mace na dangwala a tawada, alhali ɗaya hannun nawa na riƙe da maganin ɗanta? Ban taɓa jin wadda ta ce a'a ba, ko sau ɗaya, kuma duk shekarun nan ɗauka nake don sun yarda ne.

Da na dawo gida na buɗe kwamfuta na bi hotunan bara da na bariya. Kogi, kasuwar Gujungu ta ranar Lahadi, raƙuma a Maigatari, duwatsun Dutse da dabinonsu, waɗannan ba su dame ni ba. Amma akwai wata jaka da na sa wa suna "aiki", yara ne cike a ciki, wasu ko riga babu. Wasunsu na sa a nan kun gani, kun yi addu'a, wasunku har kuɗi kuka aiko, Allah ya saka muku da alheri. Sai dai yawancin yaran nan sun warke, na san sun warke don ni na sallame su, kuma ba ni da hoton ko ɗaya bayan ya warke. Babu kuma uwa ɗaya da na taɓa mayar wa da nata a takarda. Wani a cikinsu yanzu ya isa shiga makaranta, yana can yana gudu a bayan awaki, ni kuma abin da na ajiye na shi shi ne ranar da ba ya iya ɗaga kai.

Na cire guda bakwai daga shafin nan ɗazu. In kun nema ba ku gani ba, dalilin ke nan.

Kifi Baba Direba ya tsaya ya saya mana a bakin gada, tarwaɗa busasshiya, Inna ta ce gobe za ta yi miyar kuka da shi. Ƙafata ta dama har yanzu tana zugi.

Mun ba su abincin mako guda, na kuma roƙi Iya kada a raba da sauran yaran gida, ta ce a ƙarƙashin filonta za ta ajiye. Alhamis mai zuwa za a sake auna shi. Na tambayi Auta kafin ta yi barci ko ta san inda ake wanke hoto a cikin gari, ta ce akwai wani shago kusa da tasha, gobe in ta taso daga makaranta za ta tambayo min kuɗin babba guda ɗaya. Na geron zan fara kai mata.