Wasiƙa daga Kanada zuwa ga matasan Tahoua masu neman jitar lantarki

Assalamu alaikum 'yan uwa da ƙannena na Tahoua, da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa. Tun da aka ji labarin ina taɓa jita a nan Montreal saƙonni ba su yanke ba, kuma kusan duka tambayar ɗaya ce: Yaya, wace iri zan saya, kuma za ka iya aiko mini da ita? Na ga ya fi sauƙi in amsa wa kowa a wuri guda, in yi bayanin zaɓe da saye da kuma koyo, ko da yake ni ba makaɗi ba ne, ma'aikaci ne da ke kaɗawa da dare bayan tashi daga aiki.

Yawancin jitocin da kuke gani a bidiyo samfuri biyu suka kwaikwaya, wato Les Paul wadda kamfanin Gibson ya fitar a 1952, da Stratocaster wadda kamfanin Fender ya fitar a 1954. Bambancin da kunne ke ji yana fitowa ne daga ƙananan na'urorin maganaɗisu da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi. Na Stratocaster naɗin waya ɗaya gare su, sautinsu siriri ne mai kaifi, amma suna ɗauko gurnanin wuta. Na Les Paul naɗi biyu ne, sautin ya fi kauri kuma gurnanin ya ragu. Tun da akasarinku kiɗan makaɗin jita Mdou Moctar ne ya ja hankalinku, samfurin Stratocaster ya fi kusa da abin da kuke nema. Mai koyo ba ya buƙatar ta asali mai tsada, domin Fender na da mai araha mai suna Squier, Gibson na da Epiphone, kuma Yamaha Pacifica ba ta ba mai ita kunya. Shi kansa Mdou Moctar, wanda ɗan jiharmu ne, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Bahago ne kuma, don haka duk wanda yake bahago a cikinku ya faɗa tun kafin a biya kuɗi, saboda jitar hagu daban ake ƙera ta, kuma ba kowane kanti ke ajiye ta ba.

Batun aikowa shi ne inda nake son ku saurara da kyau. Jitar lantarki ita kaɗai ba ta da murya sai da ampili, wato akwatin ƙara sauti, kuma wutar Kanada da Amurka volt 120 ce, ta Nijar kuwa 220. Ampilin da aka ƙera don nan, in aka jona shi a Tahoua ba tare da taransifoma ba, ƙonewa zai yi, sai dai in yana cikin masu karɓar wuta iri biyu, abin da ake rubutawa a bayansa kusa da inda waya ke shiga. Ga shi kuma farashin da ake liƙawa a kanti a nan jihar Quebec ba shi ne ake biya ba, sai an je wurin biya a ɗora haraji biyu da suka kai kusan kashi 15 cikin ɗari. Babu jirgin da ke tashi daga nan kai tsaye zuwa Yamai, sai an ya da zango a Kasablanka ko Istanbul, kuma a ƙarshe duwan na jira. In aka tara wannan duka, ampilin da aka nemo a Yamai, ko wanda ya fito daga Turai inda wutarsu ta yi daidai da tamu, ya fi wanda zan aiko araha da kwanciyar hankali. A haɗa shi da na'urar daidaita wuta, kuma a cire shi daga bango duk lokacin da aka ɗauke kuran.

Abin da ya fi ba ni mamaki a ƙasar nan kuwa shi ne yadda sanyi ke cin jita. A watan Janairu sanyin Montreal kan wuce digiri 20 ƙasa da sifili, amma ɓarnar a cikin ɗaki take faruwa, domin na'urar ɗumama gida tana busar da iska ƙwarai. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, gidajen nan kuwa da hunturu sukan faɗi ƙasa da haka nesa. Itacen wuyan jita sai ya tsuke, ƙarafan da ke jere a kansa ba sa tsukewa, sai bakinsu ya fito yana kartar hannu. Wani lokaci wuyan ya lanƙwashe har tsirkiya ta riƙa gogar ƙarfe tana zuza. Kamar ƙofar katako ce da ke ƙin rufuwa da damina, ta kuma saki da rani. A nan mutane har na'urar ƙara danshi suke saye saboda jita kawai, kuma wanda ya shigo da ita daga waje cikin sanyi ba ya buɗe akwatin nan take, sai ya bari ta ɗauki ɗumin ɗakin, don kada fentinta ya tsage.

Na daɗe a kan wannan ne saboda hunturun Tahoua ya fi ɗakunan nan bushewa, ga ƙura, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Jitar da aka rataye a bango don ado, ko aka bari cikin mota da rana, ba za ta yi ƙarko ba. Wurinta shi ne cikin jakarta, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake juyawa don miƙe shi, sai dai ba aikin mai koyo ba ne. A kai wa wanda ya saba, shi ma kaɗan-kaɗan yake juyawa. Ƙura kuma tana shiga maɓallan ƙara murya har su riƙa ƙarar tsatsa, gumi yana cin tsirkiya, don haka a goge su da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa.

Wanda zai sayi ta hannu, ya ɗaga ta ya hangi wuyan daga kai zuwa gindi ya ga ko a miƙe yake, ya danna kowace tsirkiya a kowane gurbi, ya jona ta a ampili ya juya dukkan maɓallan. Kada ya biya kuɗin jitar da bai ji muryarta ba, ko da mai ita ɗan unguwa ne.

Game da koyo, minti ashirin kullum ya fi awa uku a ranar Lahadi kaɗai, kuma yatsu za su yi ciwo har su yi kanta. Manhajar saita tsirkiya kyauta ce a waya. Mu a nan da abin sauraro na kunne muke kaɗawa saboda maƙwabta, ku ma ya kamata ku lura da lokacin salla da na barcin iyaye. Masu zuwa Yamai su leƙa cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya su tambaya. Abin da zan iya aikowa ba wahala shi ne tsirkiyoyi, tun da ba su da nauyi. Mai koyo ya nemi saitin sirara, wanda kaurinsu ya fara daga lamba 9 ya ƙare a 42, kuma duk mai buƙata ya sanar da ni kafin mai tafiya gida na gaba ya ɗaure kayansa.