Abin da Thexder ke koya wa mai son ƙera wasan kwamfuta

Wanda ke koyon ƙera wasannin kwamfuta zai ƙaru sosai idan ya zauna ya warware wasan Thexder gunduwa-gunduwa. Kamfanin Game Arts na Japan ne ya fitar da shi a 1985 a kan kwamfutar NEC PC-8801mkIISR, kamfanin Square ya kai shi Famicom, wato na'urar wasa ta Nintendo, a wannan shekarar, kamfanin Sierra On-Line kuma ya shigar da shi Amurka a 1987. Ɗan wasa yana sarrafa butum-butumi mai rikiɗa ya zama jirgin yaƙi, yana ratsa matakai 16 masu lunguna da ramuka.

Darasin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne yadda aka rataya komai a kan mizanin makamashi guda ɗaya. Rai ɗaya ne kacal, kuma mizanin nan shi ne ran. Harbi yana cin makamashi kaɗan-kaɗan. Kunna garkuwa yana cin maki 10 nan take, ita ma ba ta daɗewa. Abokan gaba kuwa idan suka manne maka, tsotsa suke yi har sai ka kuɓuce. Wasu daga cikinsu suna mayar maka da makamashi idan ka hallaka su, kuma wanda ya gama mataki bai taɓa garkuwa ba yana samun lada. Don haka duk maɓallin da ka danna, ciniki ka yi. Masu koyo sukan raba wa rai mizaninsa, harsashi nasa, garkuwa nata, sai ɗan wasa ya riƙa ɓarin wuta ba lissafi, tunda babu abin da zai rasa.

Rikiɗar ma ba ado ba ce. A siffar butum-butumi, hasken leza da kansa yake neman abokan gaban da ke gabanka, amma kana da tsawo, nauyi na jan ka ƙasa, ƙananan hanyoyi ba sa ɗaukar ka. A siffar jirgi kana tashi ta kusurwa takwas, kana kutsawa ta matsatsin rami, sai dai harbin gaba kawai yake tafiya, kuma jirgin ba ya tsayawa cak. Da a ce siffa ɗaya ta fi ɗayar ta kowace fuska, ba wanda zai koma wa ta biyun.

A nan ne aikin yake ɓaci wa mafi yawan masu kwaikwayo. Kowace siffa tana da akwatin karo nata, wato murabba'in da kwamfuta ke aunawa don sanin ko ka taɓa bango. Na jirgi gajere ne, na butum-butumi dogo. Idan ɗan wasa ya nemi komawa butum-butumi a cikin matsatsin rami, kuma ba ka duba sararin da ke samansa ba, kansa zai shige cikin rufi ya maƙale, ko lissafin karo ya wurga shi bayan bango. Maganin shi ne tsari: ka fara aza sabon akwatin a gurbin da ake ciki, ka duba kowane tubalin taswira da ya shafa, in akwai bango ka hana rikiɗar, in babu sannan ka sauya hoto da dokokin motsi a tare. Ka kuma tsayar da wurin da akwatunan biyu za su haɗu, ƙafa ko tsakiya, domin rashin hakan ne ke sa hoton ya yi tsalle.

PC-8801 ba ta da guntun da ke zana hotuna masu motsi ko gungura allo, duk aikin yana wuyan masarrafa mai gudun megahaz 4. Layin leza siriri ba shi da tsadar zanawa a irin wannan na'ura. Famicom kuwa da ƙananan hotuna masu motsi take aiki, shi ya sa a can aka maye lezar da harsasai, kuma wanda ya buga duka biyun zai ji bambancin a hannunsa tun daga matakin farko.