Yadda Muka Nemo Kuɗin Wasa Daga Tsofaffin Ɗalibai

A shekarata ta biyu a Jami'ar Kambirij da ke Ingila aka ɗora mini riƙon asusun ɗaliban da ke buga tanis na asali, wato wanda ake yi a cikin ɗaki mai bango huɗu tun ɗaruruwan shekaru kafin a ƙirƙiro na kan ciyawa a wajejen 1874. Raga ta yi ciki a tsakiya, rufi mai gangara ya zagaye bango uku, a kansa ma ake harba ƙwallon farko. Raket na katako ne, kansa a ɗan karkace, ƙwallon kuma ƙwararrun filin ne ke zama da allura da zare su ɗinka ta. Filayen wasan a duk duniya kusan hamsin ne kawai, a Birtaniya da Faransa da Amurka da Ostireliya. Biyu daga ciki namu ne, ɗaya an gina shi a 1866, ɗayan a 1890.

Damuwarmu ita ce sababbin shiga. A makon farko za su cika fili, suna murna, amma da zarar an zo maganar kuɗin fili da na koyarwa da na raket, sai su zame ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka rage galibi waɗanda gidajensu ke da hali ne, kuma wannan ya tsaya mini a rai, domin ni ma da raket na aro na fara.

Na zauna na rubuta doguwar wasiƙa ga tsofaffin ɗalibai, na cika ta da tarihi da yabo, a ƙarshe na ce a taimaka wa ƙungiya. Dokar kare bayanan mutane ta 2018 ba ta ba mu damar karɓar adireshin kowa ba, don haka ta ofishin tsofaffin ɗalibai aka aika ta. Muka jira wata guda, shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Wata Asabar ina atisaye, sai na lura da wani dattijo zaune a rumfar 'yan kallo mai shingen raga, hannunsa na motsi da kowane bugu kamar shi ke riƙe da raket. Da na fito muka gaisa. Ya ce wasiƙata ta iso gare shi, ya karanta har ƙarshe, amma bai gane abin da kuɗinsa zai yi ba. Ya tambaye ni nawa ake sayar da raket yanzu, nawa ne darasin awa ɗaya, ɗalibai nawa suka bari saboda rashin kuɗi. Na biyun farko na amsa. Na ukun ban da lissafi, ni da nake riƙe da asusu.

Daga nan muka sauya salo. Muka bi waɗanda suka daina zuwa muka ji dalilinsu, sannan muka rarraba buƙatar kashi-kashi a takarda: raket ɗaya na aro, darussan zango ɗaya ga sabon shiga, kuɗin jirgin ƙasa zuwa Landan ranar karawa da Jami'ar Oksfod. Mutum ya zaɓi abin da ya fi ƙarfinsa ya bari, ya ɗauki wanda zai iya.

Abin da ya fi komai tasiri shi ne ranar da muka gayyaci tsofaffin ɗaliban su dawo fili. Wasan yana da tsarin rangwamen maki da ke daidaita gwani da ɗan koyo, don haka mai shekara saba'in zai iya karawa da ɗan shekara ashirin a yi gumi na gaske. Na ga dattijon nan ya ajiye ƙwallo a lungun bango, yaron da ke gabansa ya tsaya baki buɗe. Ba mu yi maganar kuɗi a fili ba. Sai a wurin cin abinci su da kansu suka fara tambaya ina takardar buƙatun. Da yawa sun zaɓi ba da ɗan abu kowane wata ta banki, kuma na fi son haka a kan kyauta mai tsoka sau ɗaya, domin da ta wata-wata ake iya yi wa ɗalibi alkawarin zango mai zuwa.

Godiya kuwa na hana kaina rubuta ta. Duk wanda aka biya wa darasi shi zai rubuta da hannunsa, ya faɗi bugun da ya koya da wanda har yanzu yake ba shi wuya. Shugabancin ɗalibai shekara ɗaya ne, sai na buɗe littafi: wa ya bayar, me ya ɗauka, yaushe aka gode masa. Ranar da na miƙa shi ga wadda ta gaje ni, na haɗa mata da tsohon raket ɗin da dattijon ya kawo daga gidansa, an sake masa zare, yana jiran sababbin shiga na watan Oktoba.