Ƙafar Baba

Yau na raka Baba wankin gyambonsa, wata huɗu kenan ciwon suga ya hana ƙafar warkewa. Da nas ta ɓare bandejin ya damƙe hannuna ya kau da kai, ko uffan bai ce ba, wallahi sai da na yi ƙwalla. Can wata likita ke ce min akwai wani ruwa, RADA16, feftayid ne, wato ɗan guntun furotin, mai ƙwayoyin amino asid 16, da ya taɓa jini sai ya saƙa kansa kamar raga, jinin ya tsaya, sabon nama ya samu wajen kamawa.

Har danfo ya sauke mu Agege ragar nan na cikin raina. Ni dai in ga Baba ya sa takalminsa ya taka masallaci da kansa.