Na rushe soron mahaifina saboda wani gida da na gani a tsibiri

Ina da shekara 36 aka tura ni kwas na wata uku a Badagry, can ƙarshen jihar Legas kusa da iyakar Benin. Kafin nan ban taɓa ganin ruwan da ya wuce na madatsar Goronyo ba. Wata Asabar muka shiga kwalekwale muka tsallaka zuwa Gberefu, tsibirin da ke tsakanin tafki da teku, inda a da ake bi da bayi zuwa jiragen Turawa. Abokan tafiyata tarihi suka je gani. Ni kuwa wani ɗan gida ne ya tsaya mini a rai. Yana tsakanin itatuwan kwakwa, daɓensa a ɗage kamar tsayin gwiwa, bangonsa siriri, baranda ta kewaye shi, rufin ganyen kwakwa ya zubo har ya lulluɓe barandar, manyan tagogi suna kallon juna. Mai gidan ya ba mu wurin zama da tsakar rana, iska tana shiga ta nan tana fita ta can, ba fanka ba komai. A nan na ƙudurta cewa irin wannan zan yi a Sakkwato.

Ku matasa da kuka fara tara 'yan kuɗin gini, ko gado ya kawo muku tsohon gida, ku nake rubuta wa wannan. Yanzu ba sai kun je Badagry ba, hotunan irin waɗannan gidaje suna cikin wayoyinku, kuma na ga wasunku suna nuna wa magina su.

Bayan rasuwar mahaifinmu aka raba gado, sashen da ke da zaure da soro ya faɗo mini, a cikin tsohon gari wajen Ƙofar Rini. Soron na tubali ne, kaurin bangonsa daga ƙasa ya kusa kamu biyu, rufin azara da ƙasa, 'yan ƙananan tagogi biyu can sama. A lokacin duhu kawai nake gani a cikinsa, da alamar rashin ci gaba. Na kira tsohon maginin da ke yi wa mahaifina yaɓe, na nuna masa hoton. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Malam, wanga soro ya girme ka, kuma yana iya ganin jikokinka. Mi yay yi maka?" Na ce, "Baba, zamani ya canza." Ya ce, "Ranar Sakkwato dai tana nan inda kakanka yab bar ta." Ya ba ni haƙuri, ya ce ba da hannunsa za a rushe ba. Na ɗauka tsufa ne ke magana. Na nemo wani saurayin magini da ba ya musu da mai kuɗi.

Muka rushe soron cikin kwana huɗu. Muka tada bulo inci 6, muka ɗora kwano mai faɗin baki don ya yi kama da wancan rufin, muka sa siririn silin, muka buɗe manyan tagogi masu yankan gilashi a jere. Biyu daga cikinsu yamma suke kallo, don nan ne gefen titi kuma ina so masu wucewa su gani. Wani dogon yaro da mahaifina ya dasa yana tare wurin baranda, na sa aka sare shi, na dasa kwakwa biyu a madadinsa. Kuɗin da na tara na shekara bakwai suka tafi a nan.

Hunturu ne ya fara nuna mini. Irin waɗannan tagogi ba sa rufuwa ruf, an yi su ne don iska ta riƙa ratsawa ko da a rufe suke. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ta zama abokiyar zamanmu, a kan gado, a cikin kwanon abinci, a kan Alƙur'ani. Da asuba kuma sanyi ya shigo kai tsaye, domin kwano da siririn bulo ba sa riƙe ɗumi. Inna, wadda na ware wa ɗaki mafi kyau, ta yi ta tari har ta ce, "Ɗana, mai da ni zaure." A zauren ƙasa ta ƙarasa hunturun, kuma wannan maganar tana damuna har yau.

Sai bazara ta zo, kuma a nan nake so ku tsaya ku fahimci abin da ni ban fahimta ba. A bakin teku zafi da wuya ya wuce digiri 33, abin da ke damun mutum shi ne laima. Gumi ba ya bushewa sai iska ta taɓa jiki. Da rana ƙasa tana riga teku yin zafi, sai iska mai sanyi ta taso daga kan ruwa ta shigo tudu. Don haka mai ginin tsibiri yana buɗe gidansa gaba da baya, yana yin bango mara nauyi, yana ɗaga daɓe saboda danshi, yana yin rufi mai gangara sosai saboda ruwan saman da suke samu ya ninka namu fiye da sau biyu. Kowane abu da ya burge ni a gidan nan maganin wata damuwa ce ta can.

Mu kuwa a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, wata rana har 44. Jikin ɗan Adam 37 ne. Iskar azahar ta fi jikinka zafi ke nan, in ka buɗe mata taga kamar ka buɗe bakin tanda ne. Tsohon soron yana yin akasin abin da gidan tsibiri ke yi: yana rufe kansa da rana. Kaurin ƙasar yana shanye zafin a hankali, kafin ya ratso ciki dare ya yi, mutanen gida kuma sun riga sun fito da tabarmi tsakar gida. Kafin safiya bangon ya huce. Ƙananan tagogin nan na sama da na raina, ta nan iska mai zafi ke fita, kuma ba sa barin rana ta shigo. A sabon gidana daga ƙarfe uku na yamma rana takan shigo ta gilashi ta kwanta a kan tayil, kwano kuma yana gasa mu daga sama. Na sayi na'urar sanyaya ɗaki, na sayi janareta saboda ɗaukewar wuta, na shiga sayen mai. Kwakwar nan biyu ko bazarar farko ba su ƙetare ba.

Akwai kuma abin da ban yi tunaninsa ba ko kaɗan: sirrin gida. Gidan Bahaushe ciki yake kallo. Baƙo yana tsayawa a zaure, kuma ƙofofin ba sa fuskantar juna, don kada idon na waje ya kai tsakar gida. Ni na buɗe ɗakin iyalina ga titi. Uwargida ta sa labule masu kauri, ba ta ƙara ɗaga su ba, ta ce, "Malam, kowa ya wuce sai ya leƙo." Da na tambaye ta tun kafin a haƙa tushe, da ta gaya mini. Ita ce ke wuni a gidan, ni ina ofis.

Farkon damina kuma iskar hadari ta taso daga gabas, kamar yadda ta saba, ta shiga ƙarƙashin faffaɗan bakin rufin ta yaye kwanon baranda ta jefa gidan maƙwabci. Allah ya kiyaye ba ta sami kowa ba.

Kuskure na ƙarshe shi ne wanda na fi ganin mutane suna maimaitawa, har waɗanda ba su rushe komai ba. Zauren da ya tsira na sa aka yi masa filastar siminti don ya dace da sabon ginin. Siminti da ƙasa ba sa riƙe juna. Da ya tsage kaɗan ruwa zai shiga bayansa, ba shi da hanyar fita, sai ƙasar ta jiƙe tana ruɓewa a ɓoye alhali daga waje bango yana sheƙi. Bayan damina uku wani ɓangare ya ɓallo gaba ɗaya. Magabata da makuba suke shafe bango, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, kuma bangon yana iya fitar da danshinsa. Gaskiya ginin ƙasa yana son kulawa: a duba rufi kafin ruwan farko, a gyara indararo, a sake yaɓe inda ya zaizaye. Wanda ba zai iya wannan ba kada ya yaudari kansa. Amma kuɗin yaɓen shekara bai kai abin da nake kashewa a man janareta na wata biyu ba.

Ban ce kada ku ɗauki komai daga gidajen bakin teku ba. Baranda abu ne mai kyau a nan ma, in an ɗaure rufinta da kyau kuma an sa ta inda za ta hana rana dukan bango. Ɗaga daɓe ma yana da amfani, musamman a unguwannin da ruwa ke kwanciya a watan Agusta. Ban ce kuma dole sai tubali ba. In bulo za ku yi, ku yi inci 9, ku ɗaga rufin sama, ku bar kafar da zafi zai fita tsakanin kwano da silin, ku ƙanƙanta tagogin gabas da yamma, manyan su kalli tsakar gida. Kafin ku rushe tsohon ɗaki, ku kwana a cikinsa sati ɗaya a watan Afrilu, sannan ku kwana a ɗakin kwano na wani aboki, jikinku zai faɗa muku. Ku kai dattijon magini wurin, ku yi shiru ya gama magana ko da ba za ku ba shi aikin ba. Itacen da kuka tarar a fili kuwa, ginin ne ya kamata ya kauce masa.

Na koma wurin Baba magini bayan shekara biyar. Bai tuna mini da maganarsa ba. Ya ce a toshe rabin tagogin yamma, a kankare simintin zaure, a tada katangar ƙasa mai kauri a gefen titi. Muka yi, gidan ya zaunu. Da na ce a mayar da rufin azara ko a ɗaki ɗaya ne, sai ya tambaye ni ina azarar soron. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika cin ta ba, tana yin shekaru masu yawa, kuma giginya tana daɗewa kafin ta isa sara. Tawa na sayar wa wani a kan kuɗin da bai sayi buhun siminti goma ba. Baba magini ya rasu kafin mu sami wata azarar mai kyau.

A inda na sare na mahaifina na dasa wani dogon yaro, ɗana na fari ke ba shi ruwa kowace yamma. Bana inuwarsa ta fara kaiwa tagar ɗakin Inna wajen la'asar.