Kafin a raɗa wa jaririya suna

Kwana bakwai ne tsakanin haihuwa da suna, kuma yawancin matasan iyaye sai a daren na shida suke zama neman suna, ga hidimar rago, ga goro, ga baƙi. A wannan gaggawar ake ɗauko waya a buɗe jerin "sunayen 'yan mata masu daɗi", a zaɓi wanda ya yi wa kunne. Mu da muka riga ku shiga wannan layi ta nan muka sha tuntuɓe, don haka ƙannena, ku fara binciken tun ciki yana wata bakwai, kuma ku bi sunan har harshen da ya fito.

Babbar matsalar sunayen Larabci ita ce rubutun boko yana haɗiye haruffa. Asiya matar Fir'auna, da alif mai madda da sinun ake rubuta sunanta. Akwai kuma wata kalmar mai ainun da sadun wadda ke nufin mai saɓo, kuma a boko duk "Asiya" za ka gani. Wannan ta biyun ce Annabi (SAW) ya canza wa 'yar Sayyidina Umar ya mayar da ita Jamila, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Haka Amina: sunan mahaifiyar Annabi ana jan harafin farko, daga aminci da kwanciyar hankali, ɗayan kuma ana jan tsakiya, mai riƙon amana. Duka biyun suna da kyau, amma ya kamata uba ya san wanne ya sa. Maganin abin mai sauƙi ne. Ka sa malamin da ya yi nahawu da lugga ya rubuta maka sunan da haruffan Larabci da wasulansa, ya duba ƙamus a gabanka. In bai samu tushen kalmar ba, ka bar sunan, komai yawan shafukan intanet da suka ce yana nufin "furen Aljanna". Irin waɗannan shafuka kwafar juna suke yi.

Kasancewar kalma a cikin Alƙur'ani ma ba hujja ba ce. Hawiya tana da daɗin faɗa, tana cikin Suratul Ƙari'a, amma sunan wuta ce. Mace ɗaya tak aka ambata da sunanta a Alƙur'ani, wato Maryam, wadda sura ta 19 ke ɗauke da sunanta. Bilkisu da Zulaiha daga littattafan tafsiri da ƙissoshi muka same su. Ayoyin ba su faɗi sunayensu ba. Wannan bai hana a sa su ba, sai dai kada ka tsaya a taron suna kana cewa daga aya ka ciro.

Wani abin da ke rikita masu bincike shi ne sukan tarar da ma'anar manyan sunaye ba ta kai yadda suka zata ba. Khadija a asalin lugga jaririyar da aka haifa kafin lokacinta ce, bakwaini kenan. Fatima daga yaye take. Hafsa daga kalmar da ake kiran ɗan zaki. Zainab sunan wata bishiya ce mai ƙamshi. Babu wanda zai guji Khadija don wannan, saboda darajar sunan daga mai sunan ta zo. To suna iri biyu ne a nan: wanda ake sawa don wadda ta ɗauke shi a tarihi, da wanda ake sawa don ma'anarsa kawai. Na biyun ne ke buƙatar ƙamus sosai, domin ba shi da wata madogara sai ma'anar.

Akwai kuma kuskuren da ke faruwa a cikin gida ɗaya. Hadiza da Dije duk Khadija ce. Indo da Shatu A'isha ce, Binta Fatima, Kulu Hauwa'u, Mairo Maryam, Abu Zainabu. Wanda bai san haka ba sai ya sa wa ta fari Khadija, ta biyu Hadiza, yana ganin sunaye biyu ya raba. Haka abin yake in an ƙetara iyaka: Aissatou da Fatou na Senegal, Ayşe da Hatice na Turkiyya, duk sunayen nan ne harshe ya lanƙwasa. Sophia kuwa ba Safiya ba ce. Ta farko Girkanci ce mai nufin hikima, ta biyu Larabci ce daga tsarkaka da zaɓi.

Sunayen da ake ɗauka daga finafinai su suka fi buƙatar taka-tsantsan. A Indiya, Priya abar ƙauna ce, amma Puja ibadar addinin Hindu ce, Lakshmi da Parvati kuma sunayen ababen bautarsu ne. Diana abar bautar Rumawan dā ce. Cecilia daga kalmar Latin mai nufin makanta ta fito. Na Farisa irin su Yasmin da Nasrin furanni ne, ba su da wata matsala. Hausawa Kirista ma suna da nasu asalin da ya kamata su sani: Hannatu Ibrananci ce, alheri; Saratu gimbiya; Rahila tunkiya. Su ne kuma suka fi kowa riƙe sunaye na Hausa zalla irin su Godiya, Alheri da Murna.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda matasa ke raina sunayen gargajiya, wai na ƙauye ne. Waɗannan sunayen takardar haihuwa ce ta mutanen da ba su rubuta ba. Ladi, Altine, Talatu, Laraba, Lami, Jummai da Asabe sun gaya maka ranar haihuwa. Azumi da Tasalla sun gaya maka lokacin shekara, Marka kuma tsakiyar damina. Kande da Delu mace ce da ta biyo bayan maza, Gambo wadda ta biyo tagwaye. Ajuji da Ayashe kuwa na gidan da 'ya'ya ke mutuwa tun suna jarirai ne, ana nuna kamar ba a damu da ita ba don ta tsaya. Kada ka sa wa 'yarka irinsu don kawai kakarka ta amsa shi. Kuma ba mu kaɗai muke wannan tsarin ba. Mutanen Akan na Ghana suna da Akosua ta Lahadi, Afua ta Juma'a, Ama ta Asabar. Yaa Asantewaa da ta jagoranci yaƙi da Turawan Ingila a 1900, sunanta na farko daidai yake da Lami. Idowu na Yarabawa shi ne Gambonmu. Yetunde kuwa, "uwa ta dawo", ana sa wa yarinyar da aka haifa bayan rasuwar kaka, kusa da yadda muke mayar da sunan uwa mu riƙa kiran yarinya Ummi ko Mama don alkunya. Al'ada ma ba tilas ba ce: Nana Asma'u 'yar Shehu Usman Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793, tagwaye ce da Hassan, amma ba a kira ta Hussaina ba.

Sai batun takardu, inda wahalar take bayyana bayan shekara goma sha bakwai. Yarinya tana Aisha a takardar haihuwa, Aishatu a firamare, Aishat a WAEC, Humaira a NIN saboda shi ake kiranta a gida. Tun 2021 JAMB take neman lambar NIN kafin rajista, kuma harafi ɗaya in ya saɓa, sai an shiga rantsuwar kotu, wani lokacin har da sanarwa a jarida. Wanda ke da dangi a Maraɗi ko Damagaram ya ƙara lura, don can da tsarin Faransanci ake rubutawa, Aïchatou da Zeinabou. Ranar suna ka rubuta sunan yanka da harafin da ka zaɓa, da sunan uba yadda yake a katinsa, ka kai wannan rubutun ofishin hukumar ƙidaya a yi takardar haihuwa, ka karanta ta harafi bayan harafi kafin ka bar teburin ma'aikacin. Laƙabi ya tsaya a gida. Ranar da za a kai ta makaranta, takardar za a miƙa wa malami ya kwafa, kada a faɗa masa da baki.